Wai Digirin Aro? Martani Ga Masu Raina Karatun Kwaleji

Masu karatu, ku yi min afuwa, wannan makon ba za ku ga ci gaban labarinmu ba, in Allah ya kai mu mako mai zuwa za mu ɗora daga inda muka tsaya. Wata magana ce ta tsaya min a maƙoshi yau kwana goma sha ɗaya ke nan, na haɗiye ta ƙi haɗiyuwa, na ga in ban amayar da ita a nan ba to ko alƙalamin labarin ba zai yi min tafiya ba.

Walima muka yi a nan gidanmu na Unguwar Sanusi, ta ƙanwata da ta karɓo takardar shaidar digirinta. Ba wani gagarumin biki ba ne, waina ce da zoɓo da 'yan uwa da maƙwabta. Ana cikin haka sai kawun mijinta ya shigo gaida mata, mutum ne mai daraja a danginsu, malamin jami'a ne, dokta. Ƙanwata ta durƙusa ta miƙa masa takardar da hannu biyu ta ce, "Kawu, a sa mana albarka." Ya gyara tabarau ya duba, ya ga tambarin jami'a, ya ce, "Ikon Allah, yaushe kika je can ban sani ba?" Ta ce ai ba can ta zauna ba, a kwalejin ilimi ta yi, kwalejin ce ke da haɗin gwiwa da jami'ar. Sai ya yi 'yar dariya ya miƙo mata abinta ya ce, "Au, ashe digirin aro ne. To Allah ya sa albarka, amma dai kin san zanen aro ba ya rufe katara."

Wallahi ɗakin nan tsit ya yi. Na ga idon yarinyar nan ya kawo ruwa ta sunkuyar da kai. Ni kuwa kunyar surukuta ta ɗaure min baki, don ba a yi min tarbiyyar mayar wa babba magana a gaban jama'a ba. To amma abin da baki ya kasa faɗa a tsakar gida alƙalami zai faɗa a nan, kuma ba da Kawu Dokta kaɗai nake ba, da duk masu irin ra'ayinsa nake, don na san suna da yawa.

Kafin wani ya tambaya, ni ban yi jami'a ba, ban yi kwaleji ba. Ina gama sakandare aka ɗaura min aure, iyakacina ke nan, sai 'yan littattafan da nake rubutawa waɗanda manyan masana suka taɓa yi wa laƙabi da adabin kasuwa, daga baya kuma ɗalibansu suka riƙa sallama a ƙofar gidajenmu suna neman tsofaffin kwafe don su rubuta kundin digiri a kansu. Saboda haka raini ba baƙona ba ne, na san kamanninsa ko a duhu. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ni na san abin da rashin hanya ya hana ni, shi ya sa ba zan yi shiru ana zagin hanyar da wasu suka samu ba.

Bari in ba ku labarin wannan zanen da aka ce na aro ne, ku ji nawa aka saye shi. Ƙanwata ta yi NCE shekara 3, ta yi aure, ta samu koyarwa a firamare. Mijinta tela ne a Kasuwar Bacci, 'ya'yansu huɗu. Ta nemi shiga jami'a kai tsaye, abin da yara ke kira DE, har ta samu gurbi a wata jami'a mai nisa. Da aka zauna aka yi lissafi sai magana ta watse: wa zai riƙe yara, ina kuɗin ɗakin kwana, kuma in ta bar aikin da me za a biya kuɗin makarantar? Ko Zariya da muke gani nan kusa, wajen kilomita 80 ce daga Kaduna, mai goyo ba za ta yi sammakon zuwa tashar Kawo kullum ta dawo ta ɗora tukunya ba. Haka gurbin nan ya wuce tana kallo. Sai bayan shekaru ta ji cewa akwai kwalejin da za ta iya zuwa ta dawo ta kwana a ɗakinta, ana karatun digiri a can a ƙarƙashin kulawar wata jami'a. Ta shiga. Ta yi jarrabawa da tsohon ciki, ta yi wata da jaririya a baya, ƙawarta na riƙe mata ita a bakin taga. Adashi biyu ta ci ta zuba a rajista, ni kaina kuɗin wani littafina sun shiga ciki. Wannan shi ne abin da aka kalla aka kira aro.

To wai ma mene ne wannan haɗin gwiwar? Don na lura da yawan masu zaginsa ba su san yadda yake ba. Kwaleji ce ke da azuzuwa da malamai, amma doka ba ta ba ta ikon bayar da digiri ba. Jami'a kuma tana da ikon, amma ba ta da wurin da za ta zuba duk masu nema. Sai su ƙulla yarjejeniya, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta amince. Manhajar jami'ar ake koyarwa, ita ke sa ido a kan jarrabawa, majalisar malamanta ke amincewa da sakamako, kuma sunanta da tambarinta ne a kan takardar. A haka Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Zariya da takwararta ta Kano suka shekara da shekaru suna yaye masu digirin koyarwa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A haka Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, Folin nan tamu ta Tudun Wada da muke iya takawa da ƙafa daga unguwarmu, ta ƙulla da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna don digirin koyar da sana'o'i. A haka Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke kan hanyar Zariya ta ƙulla da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Idan har akwai aibu a takardar, to wanda ya buga tambarinsa a kai shi ya kamata a fara tambaya, kuma wannan mai tambarin jami'a ce irin wadda Kawu Dokta ke karɓar albashi a cikinta.

Yanzu bari mu koma tarihi, tunda su masana ne, da shi suka fi jin magana. Jami'ar farko a ƙasar nan, ta Ibadan, da aka buɗe a 1948, ba jami'a ce mai cin gashin kanta ba. Kwaleji ce a ƙarƙashin Jami'ar Landan, a Ibadan ake karatun, daga Ingila digirin yake zuwa, kuma haka aka yi ta yi har 1962. Ke nan manyan farfesoshin farko da ake tinƙaho da su, waɗanda suka koyar da waɗanda suka koyar da su Kawu Dokta, da zanen aro suka fita kunya. Kafin su ma, Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo tun 1876 take jingine da Jami'ar Durham ta Ingila. Mu dawo gida Arewa. Jami'ar Bayero ta Kano da ake ji da ita yau, ai Kwalejin Abdullahi Bayero ce a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibi na zaune a Kano yana karɓar digirin Zariya, sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a. Jami'ar Jos reshen Ibadan ce da aka buɗe a 1971. To don Allah a cikin manyan jami'o'in nan wace ce ba a goya ta ba kafin ta yi tafiya? Mutum ya hau tsani ya kai soro, sannan ya leƙo ƙasa yana cewa masu hawa tsani ba su iya hawa ba!

Sannan ina so masu wannan ra'ayi su gaya min inda suke so yaran su je. A 2024 da 2025, kowace shekara kusan mutum miliyan 2 ne suka zauna jarrabawar JAMB, kuma kowa ya san jami'o'inmu ba sa iya ɗaukar ko rabinsu. Ku zagaya Unguwar Sanusi da Badikko da Tudun Nufawa da yamma ku ƙirga samarin da ke zaune a kan benci da sakamako mai kyau a aljihu, wani ya yi JAMB sau uku. Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004 ta rage wani abu, amma ita kaɗai ba za ta ɗauke jinkar nan ba. Wanda ya samu shiga jami'ar gwamnati ma bai tsira ba, don a 2022 kaɗai wata 8 malaman jami'a suka yi suna yajin aiki. Jami'a mai zaman kanta kuwa sai ɗan wane da wane. To ɗan tela da 'yar mai waina fa? Matar aure da mijinta ya yarda ta yi karatu amma bai yarda ta kwana a wani gari ba fa? Ma'aikacin da in ya bar aiki gidansa ba za a ci tuwo ba fa? Waɗannan su ne mafi yawanmu, kuma ga irinsu in digiri bai zo kusa da gida ba, to ba za su taɓa ganinsa ba har abada.

Na san abin da za a ce min. Za a ce ai inganci ake magana, karatun kwalejin bai kai na jami'a ba. To a nan zan faɗi gaskiya ko da ta taɓa ɓangaren da nake karewa, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai ɓaraka, kuma na gani da idona. Ajin su ƙanwata wani lokaci sai an tsaya a taga saboda cika, in dambu ya yi yawa kuwa ba ya jin mai. Malaman da jami'ar ya kamata ta riƙa turowa suna duba aiki, ta ce sai su shekara ba su ga ƙeyarsu ba. Kuɗin rajistarsu ya fi na ɗaliban da ke cikin jami'ar, don kwaleji za ta ci, jami'a ma za ta karɓi kasonta. Ga babban abin takaicin: bayan ta gama, sai da ta yi kusan shekara 2 tana zarya kafin takardarta ta fito. In ta je kwaleji a ce sakamako yana jami'a, in aka tambayi jami'a a ce kwaleji ba ta turo ba, ana ta yi da ita kamar ƙwallo, har ƙarin girma ya wuce ta a wurin aiki.

Amma ku duba da kyau ku ga wuyan wa wannan laifin yake. Ɗalibar ce ta hana a turo masu duba aiki? Ita ce ta riƙe sakamakon a durowa? Uwar da ta karɓi kuɗin goyo ta ajiye yaro a rana, ita ce kuma za ta fito tana cewa yaron ya yi baƙi? Jami'ar da ta mayar da haɗin gwiwa tamkar gidan haya, ba ta zuwa sai ƙarshen wata karɓar kuɗi, ba ta da bakin da za ta raina abin da ya fito daga gidan. Laifi tudu ne, Kawu, ka taka naka ka hango na wani. Kuma in ana maganar inganci, mu a Kaduna ba mu manta da 2017 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bisa cewa sun faɗi jarrabawar gwaji. Ko mutum ya goyi bayan abin ko bai goya ba, darasin dai guda ne, malamin firamare na buƙatar ƙarin ilimi. To ga wadda ta tashi da kanta, da kuɗin adashinta, ta je ta ƙaro, sai kuma a tare ta da dariya? Wace irin al'umma ce za ta kori malami don bai ƙaro karatu ba, in ya ƙaro kuma ta ce na aro ne?

Akwai wata cutar da ta fi wannan, ita ce ta ɓata wa yara shekaru. Wanda ya fito daga sakandare ya shiga jami'a, shekara 4 ya gama digirin koyarwa. Mai NCE ya riga ya yi 3, in ya zo sai a ajiye shi a aji biyu ya sake wasu 3, ya maimaita darussan da ya riga ya ci, shekara 6 ke nan a kan takarda guda. Na Foli kuwa nasu ya fi ban tausayi. Yaro ya yi ƙaramar difloma shekara 2, ya yi shekara guda ta koyon aiki, ya dawo ya yi babbar difloma, wato HND, shekara 2. Shekara 5 cur, hannunsa ya san inji, ya san waya, ya san gini. Amma shekara da shekaru a aikin gwamnati mai HND yana kaiwa mataki na 14 sai a ce ya tsaya nan, ɗan ajinsa mai digiri ya wuce har 17. In yana son digiri na biyu sai ya sake yin wata diflomar share fage tukuna. A 2021 Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin hana wannan bambanci, shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba har ya sauka. A 2023 hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, ta fito da tsarin ƙarin shekara guda ta intanet tare da jami'o'in ƙasashen waje don mai HND ya samu digiri, nan take NUC ta fito ta ce ba ta san zancen ba. Hukumomi biyu na gwamnati guda, a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi guda, suna ja-in-ja a jarida, yaran mutane na tsaye a tsakiya. Ni tambayata ita ce, me ya kai mu neman jami'ar ƙetare tun farko? Ina jami'o'inmu na gida da za su buɗe wa waɗannan yara ƙofa?

Maganin da 'yan siyasa suka fi so kuwa shi ne sauya allon bakin ƙofa. Tun 2006 aka yi mana albishir cewa za a mayar da Foli jami'a, ita da ta Yaba a Legas, muka yi ta murna, shiru kake ji. A 2015 gwamnatin Jonathan ta ɗaga kwalejojin ilimi 4 zuwa jami'o'i, har da ta Zariya da ta Kano, gwamnatin Buhari ta zo a shekarar ta dakatar, sai bayan shekaru aka sake mayar da su jami'o'in. Ina taya su murna, amma ba kowace kwaleji ce za ta zama jami'a ba, kuma bai ma kamata ba. In duk suka zama jami'a, wa zai horar da malamin aji ɗaya, wa zai horar da mai gyaran taransifoma? Ita kanta gwamnatin tarayya a 2025 ta ce ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta har shekara 7, don waɗanda ake da su ma ba a iya riƙe su ba. To tunda ba za a gina sababbi ba, hankali ai shi ne a haɗa waɗanda ake da su su yi aiki tare. Dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da NCE da digiri da kansu mataki ne mai kyau, sai dai ta tarayya ce, ba ta warware matsalar kwalejojin jihohi da na fasaha ba, alhali can ne 'ya'yan talakawa suka fi yawa.

Su waɗanda muke kwaikwayo ba haka suke yi ba. A Amurka akwai ƙananan kwalejoji na shekara 2 a kusan kowane yanki, masu sauƙin kuɗi, inda ma'aikaci da uwar 'ya'ya ke zuwa daga gida. A jihar Kalifoniya tun 2010 doka ta ce wanda ya gama irin wannan kwaleji a kan tsarin da aka shimfiɗa, ya kuma cika sharuɗɗa, to an lamunce masa gurbi a jami'o'in jihar, ya shiga aji uku, ba a sa shi maimaita abin da ya riga ya karanta. Ingila kuwa da ta kawo mana tsarin Foli, tun 1992 ta ba nata damar zama jami'o'i ta huta da gardamar. Mu da muka aro tsarin mu ne muka riƙe bambancin kam kamar gadon kaka.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne, kuma ba ya buƙatar a gina ko aji ɗaya. A rubuta a fili, kowa ya gani, cewa duk wanda ya gama NCE ko difloma da sakamako kaza yana da tabbacin gurbi a jami'a kaza, ba sai ya san wani ba. A lissafa masa darussan da ya riga ya ci, kada a sa shi biyan kuɗin abu guda sau biyu. Jami'ar da ta karɓi kaso ta turo malamanta su shiga aji su koyar, ta buɗe wa ɗaliban kwalejin ɗakin karatunta, in ta kasa NUC ta ƙwace yarjejeniyar. A sa wa'adin fitar takarda, ɗalibin kwaleji ya karɓi tasa rana ɗaya da na cikin jami'a. Sannan a tsara darussa da yamma da ƙarshen mako saboda matan aure da ma'aikata. 'Yan majalisarmu na jiha da na tarayya da ke zuwa unguwar nan da atamfa da taliya lokacin zaɓe, ga aikin da za ku yi mana in da gaske kuke.

Ku kuma iyaye da mazaje, kada maganar irin su Kawu Dokta ta sa ku hana 'ya'yanku da matanku shiga inda suka samu. Ku dai bincika ku tabbatar NUC ta amince da haɗin gwiwar da kuma fannin da za a karanta kafin ku biya ko sisi, don 'yan damfara ma sun shigo harkar, suna kama shago biyu su kafa allo su ce reshen jami'a ne.

Ita kuwa ƙanwata, da baƙi suka watse na same ta a ɗaki ta tura takardar ƙarƙashin katifa. Na ce, "Ke, ɗauko ta." Washegari na aiki ɗana ya kai aka sa mata gilashi, yanzu haka tana rataye a falonta, saitin ƙofa, inda duk wanda ya shigo gaisuwa da ita zai fara yin ido biyu, har da Kawu in ya sake zuwa. Babbar 'yata kuma bana take aji biyu a kwalejin ilimi, na riga na gaya mata in ta gama hanyar da ƙanwar uwarta ta bi ita za ta bi, in Allah ya yarda, ko da kuwa littafi goma zan rubuta in biya.

Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, fili a buɗe yake, ya rubuto martani za mu karanta, in ya fi ni hujja in karɓa. Kawu Dokta kuma, in wannan rubutu ya iso gare ka, ina neman afuwa in na yi tsauri, girmanka yana nan ban taɓa shi ba, maganarka kawai na taɓa. Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, ya sa mu dace. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu mako mai zuwa.

Wassalam. Taku har kullum, daga Unguwar Sanusi, Kaduna.